Jinka, Kwano da Littafin Gwamnati: Tarihin Wutar Daji a Manga

Yau ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, tarihi ne, kuma tarihin ya faro ne daga gidanmu.

Ina aji uku a firamare wutar daji ta ci gidan kakata da ke gefen Manga, a ƙasar Zuru. Watan Janairu ne, an gama kai amfanin gona gida, iskar hunturu tana kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum. Wasu yara masu neman gafiya suka cinna wa ciyawa wuta can bayan gari, ta fi ƙarfinsu, suka ranta a na kare. Abin da har yau ban manta ba shi ne, wutar ba ta taka ta iso gidan ba. Tana can nesa, tsakaninmu da ita akwai gonar da aka riga aka share. Iska ce ta ɗauko wani dunƙulen ciyawa yana ci, ta jefa shi a kan jinkar rumbu. Kafin a jawo guga biyu daga rijiya, rumbunan dawa biyu da ɗakuna uku sun kama. Ɗaki ɗaya ne ya tsira a gidan, na kawuna soja, wanda ya rufe da kwano shekarar da ya zo hutu.

Bayan kwana uku wani ma'aikaci ya zo a kan babur da littafi a hammata. Ya ƙirga ɗakunan da suka ƙone, ya ƙirga rumbuna, ya tambayi awaki nawa suka mutu, ya rubuta. Kaka tana zaune a kan turmi tana kallonsa. Da ya gama sai ta ce masa da Hausarta mai nauyi, "Ɗana, da makon jiya ka zo da littafin nan ka ƙirga abin da zai ƙone, da ka fi yi mini amfani." Ya ce, "Ku yi haƙuri Iya, ba a aiko ni wannan ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ba a taɓa aiko kowa wannan ba. Tun daga lokacin nake son in san dalilin da ya sa littafin hukuma yake zuwa bayan toka ta huce, alhali hukumar ta fi shekara ɗari tana ƙirga rufin ɗakunanmu.

Mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, kakanninmu a kan duwatsu da gindinsu suka zauna, saboda tsoron mahara, musamman dakarun Kwantagora a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901, hare-hare suka lafa, mutane suka riƙa saukowa sannu a hankali suna kafa gidaje kusa da gonakinsu. Saukowar nan ta kawo sauƙin noma, to amma ta sa gidaje cikin tsakiyar ciyawa. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san ba irin Sakkwato ba ce. Ruwan sama ya fi yawa, gamba tana yin tsawon da za ta ɓoye mutum a tsaye, idan kuma ta bushe a watan Disamba ƙyastu ɗaya ya ishe ta. Yawan ruwan nan kuma shi ya sa soron ƙasa irin na Kano da Zariya, wanda wuta ba ta cin samansa, bai karɓu sosai a ƙauyukanmu ba. Soro yana son azara mai kyau da yaɓe duk shekara, in ba haka ba damina ɗaya ta zubo da shi a kan masu gida. Jinka kuwa ga ciyawa nan kyauta, ruwa yana gangarewa, ɗaki yana sanyi da bazara. Ba wauta ce ta sa kakanninmu suka zaɓi jinka ba, sun auna tsakanin ruwa da wuta ne suka ga ruwa kullum yana zuwa, wuta kuwa sai an yi sakaci.

Kuma sun yi wa sakacin magani. Da zarar an cire amfanin gona, tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, akan yi gayya a share kewayen gari, a yi ƙaramin toyi da sassafe ko da yamma lokacin da iska ta kwanta, matasa na tsaye da ɗanyen ganye a hannu. Idan babbar wuta ta taso daga baya, sai ta iske ƙuna, ba abin da za ta ci, ta mutu a nan. Matasan da ake buƙata ba su yi wuyar samu ba, domin al'adar golmo ta riga ta haɗa samari ƙungiya-ƙungiya suna noma wa surukansu shekara da shekaru. Dattijan unguwa sun san gidan wa ne bai share bayan dangarsa ba, sun san wa ya jingina kara a jikin rumbu, sun san tsohuwar da ba ta da mai sake mata bunu. Kafin lokacin Uhola, bikinmu na bayan girbi, an riga an yi wa mai kunnen ƙashi magana. Wato dai akwai rajista, sai dai a ka take, ba a takarda ba.

Takarda ta zo ne tare da Bature, kuma ba don wuta ta zo ba. Bayan dokar haraji ta Lugga ta 1906, jami'an mulkin mallaka suka riƙa zagaya gundumomi suna ƙiyasta dukiyar jama'a: gidaje nawa ne a ƙauye, baligai nawa, gonaki, tumaki da shanu. Daga baya aikin ya koma hannun malaman haraji na En'e, su da hakimai da dagatai. Karon farko ke nan da wani baƙo ya tsaya a ƙofar gidan mutumin ƙauye yana ƙirga ɗakunansa, abin da ya biyo baya kuwa shi ne takardar biya. Darasin ya zauna daram, kuma ba a ƙasarmu kaɗai ba. A Saliyo, harajin sule biyar a kan kowace bukka shi ya tayar da yaƙin da Bai Bureh ya jagoranta a 1898. A yankin Aba, ƙirgar mutane da dabbobi ce ta tayar da boren mata na 1929. Ko a Arewa, ba banza ba talakawa suka yi ta murna da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979. Duk wanda zai yi maganar rajistar gidaje a ƙauye ya fara sanin wannan tarihi, in ba haka ba zai ɗauka taurin kai ne kawai ke sa mutane ɓoye abin da suka mallaka.

Abin mamaki, Turawan nan sun san illar rufin ciyawa sarai. A can garinsu, bayan gobarar 1212 aka hana sabon rufin ciyawa a Landan, bayan babbar gobarar 1666 da ta cinye gidaje fiye da 13,000 kuma aka yi doka cewa sai da bulo ko dutse za a sake gini. Da suka zo nan, sun kula da wannan a inda suke kwana da inda suke ajiye kayansu, sun ware barikinsu nesa da gari da fili a tsakani. Ƙauye kuwa aka bar shi da dabararsa.

Inda suka ajiye lissafin wuta na gaske shi ne gandun daji. Dokar gandun daji ta 1916 da wadda ta biyo ta a 1937 sun ba da ikon keɓe dazuzzuka, aka ɗauki malaman daji, ana share layi kewaye da gandu duk shekara don kada wuta ta tsallaka, ana rubuta ranar da aka share da ranar da aka yi toyi. A Olokemeji, can ƙasar Yarabawa, tun 1929 aka keɓe filayen gwaji: wani a ƙone shi da wuri, wani a ƙone shi a ƙarshen rani, wani a hana wuta taɓa shi sam, aka yi shekaru ana ƙirga itatuwan da suka rayu. Sakamakon ya nuna wutar farkon rani ba ta yin ɓarna kamar ta ƙarshensa, abin da tsofaffin Manga suka sani ba tare da filin gwaji ba. Ni dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, maɗaci da kirya sun sami fayil da layin kariya da ma'aikaci mai albashi, rumbun da ke ciyar da mai biyan haraji bai samu ba. Akwai duba-gari, gaskiya ne, kuma tsofaffi har yau suna ba da labarin yadda ake jin tsoronsu, to amma abin da suke leƙawa randa ce da masai da kwata, sauro suke nema.

Kwano ya shigo ƙauyukanmu ne ba da umarnin kowa ba. Ƙasar Zuru ƙasar sojoji ce, kowa ya san wannan, da wuya ka sami zuriyar da ba ta da mai kaki. Waɗanda suka dawo daga Bama bayan 1945, da waɗanda suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ma'aikatan da suka karɓi kuɗin Udoji a 1975, su ne suka riƙa sauke bandir-bandir na kwano a ƙofar gidajen iyayensu. Ba don tsoron gobara kaɗai ba, kada in yi muku ƙarya. Kwano alama ce ta cewa ɗan gidan ya zama wani abu, kuma ya hutar da mutum yankan ciyawa duk bayan shekara biyu ko uku. Yana da nasa aibin: zafi da bazara kamar tanda, ƙara da damina har ba ka jin maganar na kusa da kai, ga iska tana yaye shi in kafinta ya yi ha'inci wajen ƙusa. Duk da haka, wannan shi ne gyara mafi girma da aka taɓa yi wa gidajenmu ta fuskar wuta, kuma talaka ne ya yi shi da aljihunsa, ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ƙasarmu ta zauna a ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ta koma Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991, kwano yana ta yaɗuwa ba wanda ya ce masa ci kanka.

Sai a 2006 na ga takardar gwamnati da ta tambayi rufin ɗaki ba don haraji ba. Ƙidayar watan Maris ta wannan shekara, wadda aka fara ranar 21 aka ƙara mata kwana biyu ta kai 27, ƙidayar mutane ce da gidaje, kuma ina cikin malaman makarantar da aka ɗauka aikin. A takardar akwai gurbin da za ka nuna da me aka yi bango, da me aka yi daɓe, da me aka yi rufi: ciyawa ce, ko ƙasa, ko kwano, ko siminti, da sauransu. Akwai tambayar abin da ake girki da shi da abin da ake haskaka ɗaki da shi. Na tuna wani dattijo da ya tsare ni a ƙofar gidansa, ya ce, "Malam, mutane kuka zo ƙirgawa ko kwano? In kwano ne, na ɗana ne, ba nawa ba." Na ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku, ba haraji ba ne." Ya yi dariya ya ce haka aka gaya wa ubansa.

Matsalar da na ci karo da ita a aikin ita ce gidanmu na ƙauye ba ya shiga gurbi ɗaya. Gida guda yana da ɗakin kwano biyu, ɗakin jinka uku, madafa ta jinka, dangar kara, da rumbuna huɗu. Takarda tana son babban abin da aka yi rufi da shi, amsa ɗaya tak. Idan mai gida yana kwana a ƙarƙashin kwano, sai ka rubuta kwano ka wuce. Rumbu kuwa ba a tambaye shi ba sam, domin ba wanda ke kwana a ciki. Ga shi kuwa rumbu shi ne abu na ƙarshe da ake rufewa da kwano, saboda hatsi yana son sanyin jinka, kuma shi ne abu na farko da tartsatsi ke samu, domin galibi a gefen gida yake, ta wajen gona. Mutum zai iya ƙone ɗaki ya kwana gidan ɗan'uwansa. Wanda rumbunsa ya ƙone a Janairu, da me zai kai iyalinsa Oktoba? Alƙaluman da muka tattara sun tafi, an haɗa su da na mutum miliyan 140, an buga su jiha-jiha da ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma. Amfaninsu auna talauci da tsara gidaje, ba a yi su don mai kashe gobara ba. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon zance shi ne labarin da na bi na jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wutar daji ke cin garuruwa sukutum. A watan Nuwamba na 2018 wuta ta shafe wani gari mai suna Paradise, wato Aljanna in an fassara, mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone. Da masana suka bi toka suna dubawa, sai suka tabbatar da abin da na gani da idona ina yaro: yawancin gidaje ba harshen wuta ne ke iso su ba, garwashin da iska ke ɗaukowa ne yake sauka a kan rufi, ko ya shiga ta kafar shan iska, ko ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a jikin bango. Tun 2008 jihar ta sa dokar cewa sabon gida a yankin haɗari sai an yi shi da rufi da bango da tagogin da ba sa kamawa da sauƙi. Wani bincike da kamfanin jaridu na McClatchy ya yi ya nuna kusan kashi 51 cikin 100 na gidajen da aka gina bayan 2008 a hanyar wannan wuta sun tsira lafiya, na kafin nan kuwa kashi 18 kacal. Wasu masana da suka sake duba lamarin a 2021 sun ce kada a ba dokar yabon duka, domin abin da ya fi yin tasiri shi ne kusancin gida da wani ginin da ya riga ya kama. Da na karanta wannan sai na tuna yadda rumbun kaka ya miƙa wa ɗakinta wuta, taku huɗu ne tsakaninsu.

Su can sun mayar da abin rubutu. Doka ta wajabta wa mai gida ya share ƙafa 100 kewaye da gidansa, kimanin mita 30, ma'aikata suna zagayawa suna dubawa suna rubutawa. Daga 2021, mai sayar da tsohon gida a yankin haɗari sai ya bayyana wa mai saye inda gidan yake da rauni ga wuta, ya kuma kawo shaidar ya yi sharar da ake buƙata. A 2022 aka umarci kamfanonin inshora su rage wa wanda ya gyara gidansa kuɗi. Duk da haka wutar Los Angeles ta Janairun 2025 ta ci gine-gine fiye da 16,000, ka ga rubutu shi kaɗai ba ya kashe wuta. Kuma kada ku zaci Baturen ƙauye ya fi dattijon Manga son a ƙirga shi. A jihar Oregon da ke maƙwabtaka da su, gwamnati ta fitar da taswirar da ta nuna haɗarin kowane fili a 2022, mutane suka yi ca, suna cewa za a ƙara musu kuɗin inshora, darajar gidajensu ta faɗi. Cikin 'yan makonni aka janye ta. Aka sake fito da wata a farkon 2025, majalisar jihar ta soke ta a cikin shekarar. Tsoronsu da na dattijon nan ɗaya ne: wanda ya rubuta ka, me zai yi da rubutun?

Mu nan ba mu da inshorar da za ta saka wa mai kwano, hasali ma wani lokaci abin juyewa yake yi. Rajistar marasa galihu da aka fara tattarawa daga 2016, wadda aka riƙa biyan wasu gidaje naira 5,000 a wata ta hanyarta, tana auna talauci ne da abubuwan da ido ke gani, ciki har da irin ginin da mutum yake ciki. Na ji da kunnena wata gwauruwa tana faɗa wa ɗanta kada ya kuskura ya kawo mata kwano sai masu rubutu sun wuce. Ban ga laifinta ba. A littafin gwamnati jinka shaidar talauci ce da za ta iya jawo taimako, kwano kuwa shaidar samu ce, babu littafin da ya ɗauke su a matsayin abin da ke kamawa da abin da ba ya kamawa. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa da aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi, aikinsu ya fi fitowa ne bayan ɓarna, kuma cikin kayan da aka saba rabawa har da bandir na kwano da ƙusa. Wato kwanon da zai hana gobara yana isowa, amma sai an yi gobarar.

Har daga sama ana kallonmu. Tun shekarar 2000 taurarin ɗan'adam na hukumar NASA suke ɗaukar hoton wutar da ke tashi a doron ƙasa, kuma lissafinsu ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya a Afirka yake. Mai intanet a wayarsa zai iya ganin jajayen ɗigo a kan ƙasar Zuru a watan Disamba. Ɗigon ba ya nuna ko akwai rumbu kusa da shi.

Ita kuwa tsohuwar rajistar da ke cikin kan dattijai tana ta raguwa. Samarin da za a yi gayya da su suna Abuja da Legas, ko suna bariki, golmo ya ja baya. Ga kuma rashin tsaron 'yan shekarun nan da ya taso mutane daga ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba, wasu suka zo suka kafa bukkokin ciyawa da zana a gefen garuruwa, manne da juna, daidai inda daji ya fara. Su ne suka fi kowa zama cikin haɗari, kuma su ne mai unguwa bai gama sanin sunayensu ba.

Ba na ganin sai mun kwaikwayi Kalifoniya da sufetoci da tara. Tara za ta mayar da mu zamanin malamin haraji ne kawai. Littafin makaranta mai shafi arba'in ya isa, a hannun mai unguwa, a cika shi a watan Nuwamba: gidan da ke bakin daji, rumbu nawa, taku nawa tsakaninsa da ɗaki, an share baya ko ba a share ba, wa zai taimaki mai gidan idan tsoho ne. Bara da na je gida na gwada a unguwarmu, ni da wani ɗan'uwana, muka zagaya gida 23. Ɗakunan kwana kusan duk kwano ne yanzu. Rumbuna kuwa mun ƙirga 61, uku ne kawai ba jinka ba, kuma 14 suna jingine da dangar kara. Na kai wa mai unguwa littafin, ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni wa zai gani bayan shi. Na ce babu kowa sai shi. Sannan ya sa shi a aljihu, ya aika yaro ya kira masa masu gidajen nan 14.